Koyar da Yara Kodin da Haɗa Mutum-mutumi ta Intanet: Nazarin Hujjoji

Da zarar dogon hutun makaranta ya ƙarato, sai tallar ajin kodin na yara ta cika zaurukan WhatsApp na iyaye a Kano da Kaduna da Abuja. Alkawarin kusan iri ɗaya ne: a biya kuɗi, a miƙa wa yaro waya ko kwamfuta, kafin a koma makaranta ya iya ƙirƙirar wasan kwamfuta, ya iya juya mutum-mutumi, duk yana zaune a ɗakin mahaifiyarsa. Iyaye da dama suna biya, kuma ba su yi laifi ba, domin sun ga inda duniya ta dosa. Hukumomi ma can suka nufa. Ingila ta wajabta darasin kwamfuta mai haɗe da kodin ga yara tun daga shekara 5 a watan Satumban 2014. Kenya ta amince da manhajar karatun kodin a makarantunta a 2022. Najeriya kuma ta sanar da sabuwar manhajar karatu a 2025, wadda ta ba kodin da fasahar mutum-mutumi gurbi a sakandare.

Kodin shi ne rubuta wa na'ura umarni daki-daki, cikin tsarin da za ta iya bi. Mutum-mutumin da ake koyar da yara da shi kuwa yawanci 'yar mota ce mai taya biyu, da ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, da na'urorin da ke jin haske ko nisa ko taɓawa. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: wane ɓangare na wannan ilimi ne intanet ke iya ɗauka ta kai wa yaro, wane ɓangare ne kuma yake zubewa a hanya? Gwaje-gwajen da aka tara tun daga 1967 suna ba da amsa mai ƙarfi. Intanet tana kai darasi da kayan aiki nesa cikin araha, amma iyawar yaro ta rataya ne a kan wanda ke kusa da shi a lokacin da aikin ya ƙi tafiya.

Inda tunanin ya samo asali

Duk wanda ke koyar da yara kodin a yau, ya sani ko bai sani ba, gadon Seymour Papert yake ci. An haifi Papert a Afirka ta Kudu a 1928. Masanin lissafi ne da ya yi aiki da Jean Piaget, fitaccen mai nazarin tunanin yara, a birnin Jeniba daga 1958 zuwa 1963, kafin ya koma jami'ar MIT a Amurka. A 1967, shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro Logo, harshen kwamfuta da aka tsara musamman domin yara. Ba da jimawa ba aka haɗa masa wata na'ura mai tafiya a ƙasa, ɗauke da alƙalami a cikinta, wadda suka kira kunkuru. Yaro zai ce mata ta yi gaba taku kaza, ta juya dama digiri kaza, ita kuma ta zana abin da aka ce a kan takarda. Ke nan tun farko-farko kodin na yara da mutum-mutumi tare suka taso.

Ya kamata a tsaya a kan abin da kunkurun ke koyarwa, domin nan ne zuciyar batun. A ɗauki yarinyar da ta iya zana murabba'i: gaba taku ɗari, juya digiri 90, a maimaita sau huɗu. Sai ta so zana alwatika mai daidaitattun ɓangarori. An koya mata a aji cewa kowace kusurwarta digiri 60 ce, don haka ta ce wa kunkuru ya juya 60 sau uku. Abin da zai fito ba alwatika ba ne, rabin siffa mai kusurwa shida ce, baki buɗe. Na'urar ba ta yi mata tsawa ba, ba ta kuma rufa mata asiri ba. Ta dai yi abin da aka ce mata. Shawarar Papert ita ce yarinyar ta miƙe ta taka siffar da ƙafarta, ta lura da yadda jikinta ke juyawa a kowace kwana. A nan za ta gane cewa juyin da ake bukata 120 ne, domin duk wanda ya zagaya siffa ya dawo inda ya fara, yana fuskantar inda ya fara fuskanta, ya juya digiri 360 cif, kuma 360 a raba uku 120 ne. Ta koyi lissafi, ta kuma koyi abin da ya fi lissafin daraja: cewa kuskure abu ne da ake bin sawunsa a gano inda ya faro. Wannan shi ne jigon littafinsa Mindstorms na 1980, wanda kamfanin LEGO ya ari sunansa ya sa wa kayan haɗa mutum-mutumin da ya fitar a 1998.

Sai dai bincike bai gaskata dukkan fatan Papert ba. A farkon shekarun 1980, Roy Pea da Midian Kurland na kwalejin Bank Street da ke New York sun gwada yaran da suka shafe kimanin shekara guda suna wasa da Logo, suka tarar ba su fi sauran yara iya tsara aiki ba idan aka ba su wani aikin da ba na kwamfuta ba. A 2004 Richard Mayer ya sake bin tarihin irin waɗannan gwaje-gwaje, ya kafa hujja da Logo a kan cewa barin yaro ya gano komai da kansa ba ya kai koyarwa mai jagora amfani. A 2019 kuma Ronny Scherer da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike 105, suka ga cewa koyon kodin yana taimaka wa tunanin ƙirƙira da lissafi daidai gwargwado, amma tasirin yakan ragu sosai idan aka kwatanta masu kodin da yaran da su ma aka ba su wani horon mai kyau. Abin da za a fahimta shi ne, kodin darasi ne mai amfani, yana da daraja a karan kansa, amma ba laya ba ne da ke buɗe ƙwaƙwalwa, kuma amfaninsa yana bin ingancin jagoran da yaro ya samu.

Abin da intanet ta iya

A ɓangaren kodin zalla, intanet ta yi rawar gani, kuma adalci ne a faɗa. Manhajar Scratch, wadda ayarin Mitchel Resnick na MIT ya fitar a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, ta kawar da babban shingen da ke korar masu farawa, wato kuskuren rubutu. A harsunan kwamfuta na manya, waƙafi ɗaya da aka manta kan hana komai aiki. A Scratch umarnin tubala ne masu launi da ake jawowa a harhaɗa, kuma tubalin da bai dace da wani ba ba zai ma shiga ba. Hankalin yaro sai ya koma kan tsarin tunani: me ke zuwa bayan me, me za a maimaita, me zai faru idan kaza ya faru. Kyauta ce, ana iya sauke ta a yi aiki da ita babu intanet, an fassara ta zuwa harsuna fiye da 70, har da Hausa da Suwahili da Amharik. Akwai ƙanwarta, ScratchJr, da ta fito a 2014 domin 'yan shekara 5 zuwa 7. Ƙungiyar Code.org, da 'yan'uwa biyu Hadi da Ali Partovi suka kafa a 2013, ita ma ta zuba darussa kyauta masu hawa-hawa.

Abu biyu ne suka sa kodin ya dace da wannan hanya fiye da yawancin darussa. Na farko, na'urar da kanta tana ba da amsa nan take. Yaro ba ya jiran malam ya duba littafi kafin ya san ko aikinsa ya yi. Na biyu, a dandalin Scratch duk aikin da wani ya wallafa ana iya buɗe cikinsa a ga yadda aka gina shi, a kwafa, a sauya, a sake wallafawa tare da ambaton mai shi. Yaron da ke Birnin Kudu zai iya kwance wasan da wata yarinya ta yi a Barazil ya ga dabarar da ta yi amfani da ita. Shekaru talatin da suka wuce babu ɗakin karatun da ke iya ba yaro wannan.

To ina matsalar take? Na'ura tana gaya wa yaro cewa aikinsa bai yi ba, amma ba kasafai take gaya masa dalili ba, kuma ba ta san abin da ke cikin kansa ba. Yaron da kyanwar da ke cikin wasansa na Scratch ta ƙi tsalle yana iya kasancewa ya sa tubalin a wajen zagayen maimaitawa, ko bai fahimci bambancin "sa adadi ya zama kaza" da "ƙara kaza a kan adadi" ba, ko kuma bai karanta umarnin daidai ba. Uku ɗin nan a fuskar kwamfuta kamanninsu ɗaya, amma maganinsu daban-daban ne, kuma sai wanda ya kalli aikin ya tambayi yaron me yake nufi ne zai bambance su. A ajin bidiyo mai yara talatin, waɗanda rabinsu sun kashe kyamara don tattalin data, malami ba ya ganin fuskar kwamfutar kowa sai tasa. Abin da ya fi sauƙi a gare shi shi ne ya gina wasan a gabansu, su kuma su bi shi tubali bayan tubali. A ƙarshen mako kowane yaro yana da wasa mai aiki, iyaye sun gani sun ji daɗi, an ba da takardar shaida. Amma a ce wa yaron ya sa kyanwar ta yi tsalle sau biyu maimakon ɗaya, sai ya tsaya cik, domin kwafa ya yi. Wannan shi ne babban aibin da ke cikin kasuwar ajin kodin na yara, kuma yana da wuyar ganewa saboda sakamakon ƙarya da na gaskiya duk wasa ne mai motsi a allon kwamfuta.

Darussan da aka naɗa a bidiyo, waɗanda yaro zai bi shi kaɗai, sun fi wannan rauni. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente sun wallafa nazarin darussan intanet na jami'o'in MIT da Harvard a mujallar Science, suka nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala. Waɗannan kuwa galibinsu manya ne, da yawa masu digiri, kuma su suka kai kansu. Wanda ya sa ran ɗan shekara tara zai fi su juriya, a kan wayar da wasanni da bidiyon barkwanci ke jiransa a gefe, ya ɗora wa yaron kayan da suka fi ƙarfinsa.

Akwai hanyar koyarwa da ta samu goyon bayan bincike, wadda Sue Sentance da abokan aikinta suka tsara a Landan a 2017, aka san ta da PRIMM. Ba a fara ba yaro fili fetal a ce ya ƙirƙira. Ana ba shi ɗan gajeren aiki da wani ya rubuta, a ce ya yi hasashen abin da zai faru kafin a kunna. Sai a kunna a gani, a binciki dalilin da ya sa hasashen ya yi daidai ko ya kauce, sannan ya sauya wani ɓangare, daga ƙarshe ya gina nasa. Da aka gwada ta a kan ɗalibai kimanin 500 'yan shekara 11 zuwa 14, sun fi takwarorinsu da aka koyar ta hanyar da aka saba. Abin lura shi ne matakan farko duk magana ce: yara biyu-biyu suna gardama a kan abin da na'ura za ta yi. Yaron da ke zaune shi kaɗai da waya ba shi da abokin wannan gardama.

Inda mutum-mutumi ya bambanta

A nan ne tazarar ta fi fitowa fili. Kayan aikin sun yi araha ƙwarai idan aka kwatanta da da. Allon Arduino ya fito daga garin Ivrea na Italiya a 2005. A 2016 BBC ta raba ƙaramar na'urar micro:bit, mai ƙananan fitilu 25 da maɓallai biyu da na'urar jin motsi, ga yara kimanin miliyan ɗaya 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da makwaikwayi a intanet, wato manhajar da ke nuna hoton na'urar tana bin umarnin da aka rubuta. MakeCode na Microsoft yana kwaikwayon micro:bit, Tinkercad yana kwaikwayon Arduino da wayoyinsa, VEXcode VR kuma ya fito a watan Afrilun 2020 lokacin da annobar korona ta rufe makarantu. Yawancin abin da ake tallatawa da sunan koyon mutum-mutumi ta intanet a kan irin waɗannan ake yin sa.

Makwaikwayi yana da amfani na gaske: ba ya ƙonewa, ba ya cin batir, yara ɗari za su iya gwaji a lokaci guda. Amma duniyar da ke cikinsa mai biyayya ce, ta waje kuwa ba haka take ba. A ɗauki aikin da kusan kowane mai farawa ke yi, wato motar da ke bin baƙin layi a kan farin daɓe. A makwaikwayi, idan umarnin ya yi daidai, motar za ta bi layin sau dubu ba ta kauce ba. A ɗora umarnin nan a kan motar gaske a ɗakin aji: da safe ta bi layi, da azahar rana ta leƙo ta taga, na'urar jin haske ta daina bambance baƙi da fari. Batir ya yi sanyi, juyin da aka lissafa zai ba da digiri 90 ya koma 75. Injin tayar hagu ya ɗan fi na dama gudu, domin babu injina biyu da ke fitowa daga masana'anta daidai wa daida, sai motar ta riƙa karkata. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan siminti, taya ta riƙa sulɓi. Waya guda ta saki a ciki, ba a gani da ido. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake kuskuren kodin, kuma su ne ainihin darasin. Daga nan yaro ke koyon cewa na'ura mai kyau ba ta dogara da lissafin da aka yi tun farko. Tana auna inda take, ta gyara, ta sake aunawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan dabara ta aunawa da gyarawa ita ke riƙe jirgi marar matuƙi a sama, ita ke daidaita sanyin firji. Yaron da bai taɓa ganin motarsa ta kauce ba saboda rana ta motsa, bai san dalilin da ya sa ake bukatar dabarar ba.

Ina ganin a wannan fage yaranmu suna da jarin da ba a lissafa musu. Yaron da ya ƙera motar kara ko ta gwangwani, ya yanka tsohon silifa ya yi mata taya, ya san tun kafin a gaya masa cewa idan sandar taya ta karkace motar ba za ta miƙe ba. Kasuwar waya ta Farm Centre a Kano cike take da matasan da ke narka dalma su liƙa ƙafar da ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta, su auna wuta su gano inda ta yanke. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai haɗa wannan hannu da wancan tunani na kodin. Shirin da ya tura yaro ga makwaikwayi kaɗai ya zubar da abin da yaron ya riga ya iya.

Darasi daga manyan gwaje-gwaje

A 2005 Nicholas Negroponte ya ƙaddamar da shirin ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, da fatan a sayar da ita dala 100, kuma Papert da kansa yana cikin masu ba shirin shawara. Ɗaya daga cikin makarantun farko da aka gwada shi a duniya ita ce firamaren Galadima da ke gefen Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta sayi kwamfutocin fiye da dubu 800. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna sakamakon a makarantun karkara 319 bayan wata 15, ya tarar yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma makinsu a lissafi da harshe bai motsa ba. An kawo na'ura, ba a shirya malami ba.

Annobar korona ta maimaita darasin a faɗin duniya. A watan Afrilun 2020 UNESCO ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1.6. A watan Agustan shekarar UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463 ba su samu karatun nesa ta kowace kafa ba, kuma a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kusan rabin 'yan makaranta ne abin ya shafa. A daidai lokacin ne Noam Angrist da abokan aikinsa suka yi wani gwaji a Botsuwana da gidaje kimanin 4,500. Wasu an riƙa tura musu tambayoyin lissafi ta saƙon waya kawai. Wasu kuma an haɗa musu da kiran waya na kimanin minti 20 a mako, inda malami ke bin tambayoyin tare da yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Saƙo shi kaɗai bai haifar da wani abin a zo a gani ba. Saƙo da kira ya ɗaga iyawar yaran a fili. Fasahar da aka yi amfani da ita ƙaramar waya ce mai maɓalli. Abin da ya kawo bambanci shi ne muryar mutum da ke sauraron inda yaro ya kakare.

Misalin da ya fi kusa da batunmu yana Yurugwai. Ƙasar ta fara raba wa 'yan firamaren gwamnati kwamfutoci a 2007 ƙarƙashin shirin Ceibal, amma ba ta tsaya nan ba. Daga 2017 ta shigo da darasin tunanin kwamfuta ga 'yan aji huɗu zuwa shida, da tsari mai malamai biyu. Ƙwararre yana shigowa ta bidiyo sau ɗaya a mako, wasu ma daga maƙwabciyarta Ajantina, malamin ajin kuma yana cikin ɗakin tare da yaran, yana zagayawa, yana ganin wanda ya tsaya, yana ci gaba da aikin a sauran kwanakin. Suna aiki da Scratch da micro:bit na gaske. Intanet ta magance ƙarancin ƙwararru, wanda shi ne abin da ta fi iyawa, ba a kuma ɗora mata aikin zama kusa da yaro ba. Malamin ajin shi ma yana koyo a hankali.

Halin da muke ciki

Yurugwai ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan uku da rabi, kusan kowane gida da wutar lantarki. A Najeriya kusan kashi 40 cikin ɗari na jama'a ba su da lantarki, a Nijar kuwa kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da ita. Ajin bidiyo kai tsaye yakan cinye daga rabin gigabayit zuwa sama da guda a sa'a ɗaya, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Na'urar da ke yawancin gidaje waya ce ta uba ko ta uwa, wadda ke fita kasuwa da safe, alhali jan tubalan Scratch yana son kwamfuta ko babban allon hannu. Tsarin da ya ce kowane yaro ya zauna a gida da na'urarsa da datarsa ya riga ya zaɓi 'ya'yan da zai koyar tun kafin a buɗe rajista.

Akwai kuma abin da ya fi wuta da data nauyi. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta, kuma UNICEF ta daɗe tana cewa yara fiye da miliyan 10 'yan shekarun firamare ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Wasu masana kan ce, da wannan hali, maganar kodin ma riga malam masallaci ce. Suna da gaskiya ta wani ɓangare: duk gwamnatin da ta ɗebi kuɗin koyar da karatu ta sayi mutum-mutumi ta zalunci yara. Amma ban yarda a jingine batun gaba ɗaya ba. Tubalin da aka rubuta da Hausa, wanda idan yaro ya karanta shi daidai wani abu ya motsa, dalili ne na karatu da allon aji ba ya bayarwa. Sannan tushen ilimin ba ya bukatar wuta. Tim Bell na jami'ar Canterbury a Niyu Zilan da abokansa sun tsara darussan kimiyyar kwamfuta ba tare da kwamfuta ba tun shekarun 1990. Da katuna biyar masu ɗigo 1 da 2 da 4 da 8 da 16, yara kan gano yadda ake rubuta kowace lamba daga 0 zuwa 31 da buɗewa da kifewa kawai, wanda shi ne yadda kwamfuta ke ƙirga. Malami ne ke bukatar intanet ya sauke darasin sau ɗaya. Yaran kwali suke bukata.

Ta fuskar 'ya'ya mata, karatun intanet yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Iyaye da yawa da ba za su bar budurwa ta ƙetare gari zuwa cibiyar kwamfuta ba za su bar ta ta shiga maƙwabta ko Islamiyyar unguwa. Akwai kuma matan aure masu NCE da digiri a cikin gidaje, waɗanda za a iya horarwa ta waya su zama jagororin irin wannan aji a zaure ko tsakar gida. Sai dai ƙofar da ta kawo darasi tana iya kawo ɓarna. A 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki manhajojin karatu fiye da 160 da gwamnatoci 49 suka amince da su lokacin annoba, ta ce kashi 89 cikin ɗari suna sa ido kan yara ko suna iya yin haka, galibi ba da sanin iyaye ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Na'urar da ke wuri ɗaya ƙarƙashin idon babba ta fi sauƙin tsarewa fiye da wadda yaro ya shige ɗaki da ita.

Tsarin da hujjojin nan ke nunawa ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo malam ɗaya ke riƙe da yara masu yawa, domin gardawa da manyan ɗalibai suna biya wa ƙanana, malam kuma yana sauraron hadda yana gyara. Haka ajin kodin zai iya kasancewa: ɗaki ɗaya mai sola, kwamfuta guda ga yara biyu ko uku, akwatin micro:bit ko Arduino da ake karɓa-karɓa, darussan da aka sauke tun da dare, ƙwararre ta bidiyo sau ɗaya a mako daga jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ma daga ƙetare, da jagora a cikin ɗakin wanda aikinsa shi ne tambayar yaro me ya yi zaton zai faru. Ba sai jagoran ya zama injiniya ba. Ya ishe shi ya riga yaran da darasi biyu, ya kuma iya danne hannunsa kada ya karɓe na'urar ya gyara musu.

Ga uba ko uwar da ke shirin biyan kuɗin ajin hutu, tambayoyi kaɗan sun isa. Yara nawa ne a gaban malami ɗaya? Yana ganin fuskar kwamfutar ɗanku, ko tasa kawai yake nunawa? Idan an ce mutum-mutumi, akwai abin da yaron zai riƙe a hannu? Bayan mako biyu ku zauna da shi, ku ce ya sauya abu ɗaya a wasan da ya gina, ya kuma yi muku bayanin dalilin da ya sa ya taɓa wannan tubalin. Idan ya iya, kuɗinku sun yi aiki.

Ga ma'aikatun ilimi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu, waɗanda sabuwar manhajar karatu ta ɗora wa wannan nauyi, jarabawar tana cikin kasafin kuɗi. Sayen kwamfutoci shi ne ɓangaren da ake ɗaukar hoto, shi ne kuma ɓangaren da Peru ta nuna ba ya isa. A ware kuɗin horar da malaman aji da alawus ɗinsu, da kuɗin sola da batir da gyara, kafin a sa hannu a kwangilar na'urori. Idan kuɗin ba za su ɗauki duka ba, a rage yawan kwamfutocin, a biya malamin da zai zauna da yaran.